Yadda za a haɗa gasar tara maki ta 'yan gudun altira tsakanin Jos, Abuja da kewaye

Masu dogon gudu a yankinmu suna nan da yawa, matsalar dai kowa na harkarsa ne shi kaɗai. 'Yan Jos su hau dutsen Shere ranar Asabar su sauko, 'yan Abuja su zaga wajen dam ɗin Usuma ko tsaunukan Mpape, yaran Pankshin kuwa da Allah ya ba su huhu da ƙafa ba ka jin labarinsu sai lokacin gudun fanfalaki na Legas ko gudun kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo. Idan wani kulob ya daure ya shirya gasa guda ɗaya, a yi, a ɗau hotuna, shikenan sai baɗi in Allah ya kai mu. Abin da zai ɗaure waɗannan gasannin wuri guda shi ne teburin maki, irin na ƙwallon ƙafa, kowace gasa ka shiga ka samu maki, a ƙarshen kakar wasa a tara a ga wa ke sama. Shi nake so in yi bayanin yadda ake kafa shi, musamman ga gudun altira, wato duk gudun da ya zarce tsawon fanfalaki na kilomita 42.195, wanda yawanci daga kilomita 50 yake farawa, sai 80, sai 100, har zuwa mil 100 da ke kusan kilomita 161, ga kuma na lokaci irin na awa 6 ko 12 ko 24.

Kada ku fara da ƙirƙiro sababbin gasanni, nan mutane ke karyewa tun ba a je ko'ina ba. Ku fara da waɗanda ke akwai, ko da ƙanana ne, ko da gudun kulob ne na mutum ashirin. Ku nemi mai shirya kowanne ku zauna da shi, ku gaya masa gasarsa tana nan a hannunsa, sunanta da kuɗin rajistarta da masu ɗaukar nauyinta duk nasa ne, abin da kuke so a wajensa uku ne kawai: ya tsayar da rana da wuri, ya bi ƙa'idojin lafiya da aka yarda da su, sannan ya turo sakamako cikakke cikin kwana biyu. Shi kuma ribarsa ita ce mutanen wani gari za su riƙa zuwa masa saboda neman maki. Idan kuka zo masa da sigar shugabanci, wai ku ne uwar ƙungiya, wallahi zai janye, kuma da gaskiyarsa.

Gasa biyar ko shida sun isa kakar farko. Kuma a bar tazarar sati huɗu zuwa shida tsakani, don wanda ya gama kilomita 80 jikinsa ba ya dawowa daidai cikin sati biyu, duk ƙarfin halinsa kuwa.

Tsara kalanda a nan sai wanda ya san ƙasar. Jos tana kan tudu ne, wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, Abuja kuwa tana ƙasa sosai kuma zafinta daban ne. Saboda haka gasannin Abuja a sa su daga Nuwamba zuwa Janairu lokacin da gari ke da dama-dama, idan Maris ya shigo kuwa kada wanda ya sa mutane gudun kilomita 50 a Abuja da rana, a hauro sama, Pankshin ko wajen Vom ko bayan Lamingo. Damina kuma tana da nata, daga Yuni zuwa Satumba duwatsu na santsi, rafin da kuka tsallake da ƙafa a Fabrairu zai iya cika ya kawo cikin awa guda, ga tsawa a saman dutse wadda ba abin wasa ba ce. A irin wannan lokacin ne gasar awa 6 ta zagaye take da amfani, a samu fili ko hanyar da ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu ba a yi ta zagayawa, kowa na gaban idon kowa, in hadari ya taso a tsayar. Sannan a buɗe kalandar Musulunci da ta coci a ajiye gefe guda kafin a rubuta ko rana ɗaya. Azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, don haka tsarin bana ba zai yi aiki baɗi ba, ga Sallah biyu, ga Ista da Kirsimeti, ga ranakun zaɓe da ake hana zirga-zirga. Asabar ita ce ranar da ba ta taɓa Juma'ar kowa ko Lahadin kowa, a Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne in ana so kowa ya ji gasar tasa ce.

To yanzu lissafin makin kansa, wanda shi ne zuciyar abin.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ta matsayi ce, na ɗaya 100, na biyu 95, na uku 91, haka har ƙasa. Tana da sauƙi amma ni ba na sonta a altira, dalili kuwa, a gasar da mutum goma sha biyu suka shiga, wanda ya zo na biyar bayan awa uku da gamawar na ɗaya zai kwashi maki daidai da wanda ya zo na biyar cikin mutum ɗari yana bin na ɗaya da minti goma. Wannan ba adalci ba ne, kuma 'yan gudu suna ganewa da wuri, sai su fara farautar ƙananan gasanni.

Ta biyu ta lokaci ce, ita nake ba da shawara. Ka ɗauki lokacin wanda ya yi na ɗaya, ka raba da naka lokacin, ka ninka da 100. Misali na ɗaya ya gama kilomita 50 cikin awa 4, wato minti 240, kai ka gama cikin awa 5, minti 300, to 240 a raba da 300 a ninka da 100, makinka 80. Wanda ya shigo a awa 8 yana da 50. Kowa na iya bugawa a wayarsa yana zaune a bakin layin gamawa yana cire takalmi, ba sai ya jira wani ya gaya masa ba, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake sonta. Sannan tana sa mutum ya ci gaba da ƙoƙari ko da ba kowa a gabansa ba kowa a bayansa, don kowane minti yana da daraja. A gasar zagaye ta lokaci sai a juya lissafin, nisan da ka ci a raba da nisan na ɗaya a ninka da 100.

Tana da nata rauni fa. Ranar da wani gwani ya sauko daga Pankshin ya tsere wa kowa da awa guda, makin kowa zai faɗi a wannan gasar, ranar da manyan ba su zo ba kuma maki ya yi araha. Wasu na gyara wannan da ɗaukar matsakaicin lokacin mutum ukun farko maimakon na ɗaya kawai. Yana rage matsalar, amma yana ƙara wahalar lissafi, ni a kakar farko zan bar shi a sauƙaƙe, in an ga abin ya yi yawa a gyara a kaka ta biyu.

Sai maganar nisa, don dole wani ya tambaya, ya za a ce mai kilomita 100 da mai 50 makinsu ɗaya? Gaskiya ne, a ba dogon ƙari, amma ƙari kaɗan. A bar 50 a yadda take, 80 a ninka da 1.2, 100 a ninka da 1.3 ko 1.4. Wanda ya gama 80 cikin awa 10 alhali na ɗaya ya yi awa 8, yana da 80, a ninka da 1.2 ya zama 96. Abin da ba na so shi ne a ninka maki da yawan kilomita kai tsaye, don a nan gasa guda ta 100 za ta haɗiye duk sauran, kuma za ku tura mutanen da ba su shirya ba su shiga nisan da ya fi ƙarfinsu saboda kwaɗayin maki. Hawa da sauka ma ba sai an ba su wani lissafi daban ba, tunda da na ɗaya na wannan ranar a wannan hanyar ake auna ka, wahalar dutsen ta riga ta shiga ciki.

Kada a tara duka gasannin. In shida ne a ɗauki huɗu mafi kyau na kowa, kuma sai wanda ya gama aƙalla uku zai shiga teburin ƙarshe. Wannan yana ba mai rauni damar hutawa, yana ba ma'aikacin da bai samu izini ba ko wanda kuɗin mota ya gagara damar tsallake ɗaya ko biyu. Ku sani tun yanzu akwai ranar da wani mai tsananin gudu zai yi gasa uku kacal ya samu 95 da 92 da 90, jimla 277, wani kuma da bai taɓa shiga ukun farko ba ya yi biyar, huɗunsa mafi kyau 82 da 80 da 78 da 75, jimla 315, ya hau kansa. Za a yi surutu. Ni ina bayan wannan sakamakon ɗari bisa ɗari, don mai saurin yana da damar cin kofin kowace gasa da ya shiga, teburin kaka kuwa na wanda ya yi ta dawowa ne, shi ne yake raya gasannin, da kuɗin rajistarsa ake sayen ruwan da kowa ke sha.

Mata teburinsu daban, kuma da lokacin macen da ta zo ta ɗaya ake auna su, ba da na namiji ba. Ko su uku ne a kakar farko a buɗe musu tebur a ba su kyauta daidai da ta maza, kuma a rubuta ƙarara cewa mai son gudu da hijabi da dogon wando ta yi abinta, a tanadi wurin kama ruwa da canza kaya mai sutura a tashoshi, a sa mai babur yana kewaya inda hanya ta yi shiru. In ba a yi waɗannan ba ba za su zo ba, sai a dawo ana cewa mata ba sa son dogon gudu. Rukunin shekaru kuma kada a yanka shi ƙanana tunda ba mu da yawa, ƙasa da 40, 40 zuwa 49, sai 50 zuwa sama ya wadatar. Shekarun mutum a ranar gasar farko su ne nasa har kaka ta ƙare, a duba katin ɗan ƙasa sau ɗaya a rubuta. Ƙasa da shekara 18 kuwa ba a ɗauka, ko da mahaifinsa ne ya kawo shi da kansa.

Wanda bai gama ba fa? Babu maki, amma kuma ba ya rasa komai tunda huɗu kawai ake ƙirgawa, kuma ku riƙa faɗin haka da baki kafin a tashi, don mutumin da ke jiri ko ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi ya san tsayawa ba za ta kashe masa kaka ba. Abin da nake so a ƙara shi ne sharaɗin aikin sa kai: duk wanda ke son sunansa a teburin ƙarshe sai ya yi aiki a gasa guda cikin kakar, ya tsaya tashar ruwa ko ya ɗaura alamun hanya ko ya bi bayan na ƙarshe. Ba baƙon abu ba ne, gasar Western States ta mil 100 a Amurka ma ta yi shekaru tana neman masu shiga su yi aikin sa kai. Mu a nan ma mun fi buƙata, don ƙarancin hannu shi ne ke kashe ƙananan gasanni, kuma ɗan gudu ya fi kowa sanin abin da mai shigowa tasha a kilomita 60 yake buƙata.

Duk wannan a rubuta shi a takarda guda, shafi biyu ya isa, Hausa da Turanci, a fitar kafin gasar farko, har da yadda za a raba gardama in maki ya zo ɗaya (wanda ya fi cin ɗan'uwansa a gasannin da suka haɗu, in nan ma ɗaya ne a duba makin gasa mafi tsawo). Daga ranar da aka busa usur na farko kuma ba a taɓa ko harafi. Ko kun gano wata ƙa'ida ba ta yi ba, ku haƙura da ita zuwa ƙarshen kaka. Ranar da kuka canza doka a tsakiya, ko da niyya mai kyau ce, wanda canjin ya taɓa zai ce don ɗan garinku aka yi, kuma ba ku da bakin kare kanku. A yankin da mutane ke saurin karanta ƙabila da addini cikin kowane hukunci, wannan takardar ita ce garkuwarku. Kwamitin sauraron ƙorafi ya zama mutum uku daga garuruwa daban-daban, kuma ba masu neman maki a wannan kakar ba.

Mai riƙe tebur mutum ɗaya ne, da mataimaki da ke duba bayansa. Shafin lissafi na intanet irin na Google Sheets ya isa, a buɗe kowa ya iya gani amma su biyu kaɗai ke iya rubutu. Kowane ɗan gudu a ba shi lambar kaka guda wadda ba ta canzawa, don za ku samu Ibrahim huɗu da Musa uku, wani ya rubuta sunansa da na mahaifi a Jos ya rubuta da na kakansa a Abuja, in ba lamba makinsa zai rabu gida biyu. Sakamako ya fita cikin awa 48 a guruf na WhatsApp da shafin Facebook a matsayin na wucin gadi, a ba da kwana uku na ƙorafi, daga nan a rufe. Jinkirin sakamako na kashe sha'awa fiye da yadda kuke zato, mutum ya sha wahalar awa tara sannan ya yi sati uku yana tambaya ana ce masa ana kan haɗawa.

Maganar maguɗi dole a yi ta, don acaba na ko'ina kuma daji ba shi da kyamara. Na'urar ɗaukar lokaci ta zamani tana da tsada, ba kuma dole ba ce. A kowace tasha a zaunar da mutum biyu da littafi da biro da agogon da aka saita da na wurin tashi, ɗaya na kiran lamba ɗaya na rubutawa da lokaci, a can ƙuryar hanya inda ake juyowa kuma a riƙa sa wa kowa robar hannu mai kala ko a ja masa layi da alƙalamin maka a kan lambarsa, kalar kuma kada a faɗe ta sai ranar. Da yamma in aka jera littattafan, wanda ya yi kilomita goma na hawa cikin minti ashirin zai fito fili da kansa. Mai agogon GPS ko manhajar Strava mai auna gudu ya ajiye bayanansa don ranar gardama, amma kada a wajabta, yawancin yaran da suka fi kowa gudu ba su da shi. Kuma ku yi hankali da kyautar kuɗi mai yawa a farko, ita ke jawo irin wannan. Kofi, satifiket, takalmi mai kyau, rajista kyauta a kaka mai zuwa, ko a haɗa wa zakara kuɗin mota zuwa wata babbar gasa, sun fi albarka.

Sharaɗin lafiya shi ne inda ba sassauci, gasar da ba ta cika shi ba a cire ta daga jerin ko ta waye. Tasha duk kilomita 8 zuwa 10, da ruwa da ruwan gishiri da sukari, da abin ci na gaske, dafaffen dankalin turawa da ɗan gishiri wanda a Jos ba ya wahalar samu, ayaba, dabino, gyaɗa, kankana. A gaya wa mutane kada su yi ta ɗura ruwa zalla babu gishiri awa da awanni, yana iya sauke gishirin jini har mutum ya rikice, kuma su guji shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen a tsakiyar gudu don suna wahalar da ƙoda. Ma'aikacin lafiya da mota a tsaye, an san asibiti mafi kusa da kowane yanki na hanyar, an kuma san inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa. Kowace tasha da lokacin rufewa, wanda ya iso bayansa ya miƙa lamba ya hau mota. Gasar Comrades ta Afirka ta Kudu da ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, mai kusan kilomita 90, awa 12 take bayarwa, in lokaci ya cika an rufe ko kana ganin layin da idonka, kuma mutane na girmama ta a kan haka. Sannan kayan dole: tocila, usur, waya da caji, gorar ruwa, da rigar sanyi ko ta ruwa in za a hau dutse. Wanda ke ganin rigar sanyi wasa ce ya tuna abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin a watan Mayun 2021, inda mutum 21 suka rasu a gasar kilomita 100 bayan iska da ruwa da sanyi sun rufe su a kan tsauni, da yawansu da 'yar riga da gajeren wando. Wanda ya taɓa tsayawa saman Shere da asubar hunturu jikinsa jiƙe da gumi ya san sanyin Jos ba na raini ba ne.

Hanya kuma ta masu ƙasa ce kafin ta zama taku. Makonni kafin gasa a je a gaida mai unguwa ko dagacin kowane ƙauyen da za a ratsa, a yi bayani, a nemi matasan wurin da 'yan banga ko maharba su zama 'yan rakiya a biya su haƙƙinsu, a kauce wa gonaki da wuraren da aka ce ba a shiga. A kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, in za a taɓa kwalta a sanar da jami'an kiyaye haɗurra, a kuma sanar da hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyar wasannin guje-guje don kada a ce ba a sani ba. Halin tsaro a wasu sassan Filato da gefen Abuja yana canzawa, don haka kowace gasa ta kasance da hanya ta biyu a ajiye, kuma a rubuta a takardar doka cewa in mutanen wurin suka ce kada a shiga, an fasa ko an ɗage, in an fasa gaba ɗaya kuma adadin da ake ƙirgawa ya sauko daga huɗu zuwa uku. Gudun dare a daji ni ban goyi baya ba a yanzu, a tashi da asuba bayan sallah a rufe kafin magariba, wanda ke son awa 12 ko 24 a yi masa a fili mai katanga da haske.

Kuɗin tafiyar da teburin ba shi da yawa, ɗan kaso kaɗan daga rajistar kowace gasa ya isa kofuna da satifiket da data, a riƙa fitar da lissafinsa a guruf duk bayan gasa. Abin da ya fi cin kuɗi a wajen 'yan gudu shi ne mota da masauki, to kulob ɗin da ke karɓar baƙi ya nemo musu wurin kwana mai sauƙi ko 'yan gida su rarraba su, 'yan gari ɗaya kuma su haɗa kuɗin bas guda.

Gasar ƙarshe a yi bikin rufe kaka a wurin, ranar, kafin mutane su watse, mai tebur ya zo da kwamfutarsa da lissafin kowa a shirye, saura makin ranar kawai zai zuba. A kira duk wanda ya cika gasa uku da aikin sa kai a ba shi satifiket a gaban jama'a, ba ukun farko kaɗai ba. Bayan sati biyu masu shirya gasannin da wakilan 'yan gudu, maza da mata, su zauna da takardar dokar da jerin ƙorafin da aka tara, a nan ne ake canza abin da za a canza, a fitar da ranakun kaka mai zuwa tun da sauran wata uku, wurin zaman kuma in bana Jos ne baɗi a kai shi Abuja.